Bashin karatu da kuɗin ajiya: a biya yanzu ko a bar shi ya ci wa'adinsa?

Tambayar takan taso ne shekara biyu ko uku bayan gama karatu. Mutum ya samu aiki, ana cire masa kuɗin bashi daga albashi kowane ƙarshen wata, shi kuma a gefe ya ɗan tara wani abu, daga adashi ko ribar kiwo ko kason gado. Ga bashin da aka ci don a yi karatu, ga kuɗi a ajiye. Ya kwashe ya biya ya huta, ko ya riƙe abinsa ya ci gaba da biya wata-wata? Idan ka jefa maganar a fada a nan Maraɗi, rabin mutane za su ce biya ka samu barci, sauran su ce wauta ce mutum ya miƙa wa banki jarin da zai iya juyawa. Kowane ɓangare yana da hujja, amma da wuya ka ji wanda ya fara tambayar wane irin bashi ne da kuma wanda ke bin sa, alhali nan amsar take.

A Nijar abin da aka fi sani daga gwamnati shi ne tallafin ɗalibai da ke bi ta hukumar ANAB, kuma wannan ba rance ba ne, ba a mayar da shi. Bashin karatu a wurinmu ta wasu ƙofofi yake shigowa. Uba ko yaya mai albashi ya ci bashin banki don ya biya wa yaro makarantar kuɗi a Yamai. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ya ci bashi a kan albashinsa don ya ƙaro karatu a Dakar ko Kotonu ko Maroko. Uwa ta karɓo a asusun bada ƙananan rance. Kawu ya sayar da shanu. Ko ɗalibin da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wanda bai bar gari ba, yana iya fita da bashin haya da kwamfuta da kuɗin rubuta kundin kammalawa. Duk sunansu bashin karatu, amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa shawarwarin da matasa ke tsinta a intanet suke ɓatar da su. Wanda ya rubuta daga Ingila yana magana ne a kan tsarin da ake cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura wani mizani na albashi, wanda kuma ake yafe ragowarsa bayan shekara 30, ko 40 ga waɗanda suka shiga sabon tsari. A can mutum yana iya biya da wuri ya yi asara, domin ya biya abin da da ma za a yafe masa. A Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a 2024, wadda asusun NELFUND ke aiki da ita, ta tanadi rance marar ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Ɗan Katsina mai irin wannan bashi ba shi da dalilin lissafi na yin gaggawa. Bashin bankin da ke wuyan ɗan Maraɗi kuwa ba a yafe shi, ba ya duban ko albashi ya shigo, kuma ruwansa yana tafiya.

To, mu ɗauki na banki mu buɗe cikinsa, da misalin da na ƙirƙira don lissafi. A ce an ci sefa 2,000,000 a kan ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, za a biya cikin wata 48. Abin da za a riƙa cirewa kowane wata ya kama kusan sefa 50,725, jimillar ruwan kuma wajen 435,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda wannan 50,725 ke rabuwa. A watan farko, 16,667 ruwa ne, 34,058 kaɗai ke rage uwar kuɗi. Kowane wata ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya saura, don haka yana da nauyi a farko, yana raguwa har ya zama ɗan kaɗan a ƙarshe. Wanda ya biya shekara ɗaya ana bin sa wajen 1,572,000. Idan ya biya wannan a dunƙule, ya tsira da kusan 254,000 na ruwan da zai biya nan gaba. Idan ya jira ya cika shekara biyu, saura wajen 1,099,000, abin da zai tsira da shi ya sauko zuwa 118,000. Bayan shekara uku kuwa saura wajen 577,000, kuma duk abin da zai ceto bai kai 32,000 ba.

Wannan lissafi ya kamata ya sanyaya jikin masu zafin biya a ƙarshen wa'adi. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya sha wahalar shekara uku, sai ya gaji da ganin ana yanke masa albashi, ya tattara duk abin da ya mallaka ya rufe bashin ana saura wata goma. Ya ba da wajen jaka 485 a dunƙule don ya ceci abin da bai kai kuɗin rago ba, ya kuma bar gidansa babu ko dala. Biya da wuri yana da riba sosai a shekarar farko da ta biyu. A ta ƙarshe kwanciyar hankali ce kawai ake saye, kuma ba laifi ba ne a saye ta, in dai an san abin da ake saye ke nan.

Sai a dubi abin da kuɗin ajiyar ke samarwa inda suke. A ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, asusun ajiya na talaka yana ba da kashi 3.5 cikin 100 a shekara. Miliyan ɗaya a ajiye tana kawo 35,000, ita kuma miliyan ɗaya ta bashi a kan kashi 10 tana cin kusan 100,000. Mai riƙe da su biyun a lokaci guda yana biyan wajen 65,000 a shekara don kawai ya riƙa ganin kuɗi a littafinsa. Da yawa ma a nan ba sa karɓar wannan kashi 3.5 saboda addini, ko kuma kuɗin suna gida a akwati, wanda ke nufin gibin ya fi haka. Kashi 10 ɗin ma ba shi ne duka ba, domin akwai inshorar da ke biyan bashin in mai shi ya rasu, da haraji, da kuɗin buɗe takardu. Na buɗe takardu ya riga ya tafi, biya da wuri ba ya dawo da shi. Inshorar kuma ya danganta da ko wata-wata ake cire ta ko an karɓe ta gaba ɗaya tun ranar farko.

Asusun ƙananan rance ya fi tsada, kuma doka ta yarda da hakan. Iyakar ruwan da aka gindaya a yankin a 2014 ita ce kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga masu bada ƙananan rance. Wani lokaci kuma salon lissafin ne ke ɓoye tsadar. Idan aka ce maka kashi 1 cikin 100 a wata a kan sefa 500,000, amma ana lissafa shi kullum a kan kuɗin farko ba a kan abin da ya saura ba, to za ka biya 5,000 kowane wata har ƙarshe, 60,000 a shekara. A baki kashi 12 ne. A gaskiya ya haura kashi 21, tunda a tsakiyar shekara rabin kuɗin ya riga ya koma hannunsu amma kana biyan ruwan duka. Irin wannan bashi shi ya fi cancantar a fara kashewa, da sharaɗi ɗaya: a tabbatar za su sauke ruwan watannin da suka rage. Akwai yarjejeniyar da ko ka biya gobe sai ka cika jimillar da aka rubuta. Haka abin yake a cinikin murabaha na tsarin Musulunci, inda aka yanke farashi tun farko. Ragin da za a yi wa mai biya da wuri alheri ne daga mai bi, ba hakki ba ne da za ka tsaya a kansa.

Don haka kafin a taɓa ajiya sai an je an tambaya, kuma a san abin da za a tambaya. Ba "nawa ake bi na?" ba, domin ma'aikaci yana iya haɗa maka dukan watannin da suka rage har da ruwansu. Ka nemi jadawalin biyan, takardar nan mai layi-layi da ke nuna kowane wata da ruwansa da uwar kuɗinsa, ka ɗora yatsa a kan watan da kake ciki, ka duba lambar da ke gefen dama. Sa'an nan ka ce: "Ranka ya daɗe, in na kawo wannan ranar Litinin, nawa zan ƙara a kai, kuma me za ku sauke mini?" Wasu yarjejeniyoyi suna da tarar biya kafin wa'adi, wani kaso na abin da ya saura. Idan tarar kashi 3 ce a kan 577,000, ka ba da 17,000 don ka ceci 32,000, abin ya zama wasa. A kan 1,572,000 kuwa tarar 47,000 ba ta hana ka tsira da fiye da 200,000 ba. A nemi amsar a rubuce, da hatimi.

Duk wannan ɓangare ɗaya ne na sikeli. Ɗaya ɓangaren ba ya fitowa a jadawali, kuma a ganina shi ya fi nauyi a gari irin namu. Kuɗin da ka miƙa wa banki ba sa dawowa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi a watan Agusta, ko aka ce sai an yi wa mai ɗakinka aiki, ko damina ta kayar da katanga. Yawancin gidaje ba su da inshorar lafiya. Ajiya ita ce inshorar. Ma'aikacin kwantiragi ya san albashi yana iya makara, ma'aikacin ƙungiyoyin agaji ya san aikinsa na ƙarewa ranar da kuɗin shirin suka ƙare. Mun kuma ga abin da rufe iyaka ke yi wa Maraɗi har sau biyu cikin ƴan shekaru: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da Najeriya ta rufe tata, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya tsayar da hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kayan abinci suka yi tsada, takardun kuɗi suka yi ƙaranci a bankuna, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Wanda ya kwashe ajiyarsa kaf ya biya bashin kashi 10, in irin wannan ta same shi, zai koma ya ci na kashi 20, ko ya sayar da babur da asara. Manomi ba ya share rumbu a bazara don ya burge mai bin sa bashin da wa'adinsa sai kaka.

Nawa za a bari? Ba lamba ɗaya ga kowa. Ma'aikacin gwamnati na dindindin, wanda matarsa ma ke da sana'a, zai iya tsayawa a kan cefane da haya na wata uku. Mai kwantiragi, ko wanda shi kaɗai ke ɗauke da gidansu da na iyayensa, wata shida bai yi yawa ba. A haɗa da abin da aka san yana tafe: kuɗin komawa makaranta a Oktoba, azumi, layya, haihuwar da ake jira. Abin da ya haura wannan shi ne kuɗin da ake muhawara a kansu. Sau da yawa in aka yi wannan cirewa da gaskiya, sai a tarar babu abin da ya haura, muhawarar ta mutu da kanta.

Akwai kuma masu cewa a juya kuɗin, kuma a garin Alhazai ba a raina wannan magana. A sayi wake ko aya ko gero da kaka a ajiye zuwa bazara, a ɗaure raguna don layya, a sayi babur a ba ɗan kabu-kabu. Gaskiya ne a shekara mai kyau ribar ajiye hatsi tana wuce kashi 10 nesa ba kusa ba. Sai dai ribar biyan bashi tabbatacciya ce, ta hatsi kuwa tana jiran farashi, da ƙwari, da kuɗin sito, da ko an buɗe iyaka, da ko hukuma ta hana fitar da hatsi a wannan shekarar. Wanda ya tashi a cikin harkar, yana da sito da dillalin da ya yarda da shi, yana da hujjar riƙe jarinsa ya ci gaba da biya wata-wata. Mai digirin da ke ofis daga safe zuwa la'asar, wanda zai damƙa kuɗin ga wani ƙane ya juya masa, ba ciniki yake yi ba, fata yake yi. Shi kam biyan bashi ya fi masa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Kuɗin ajiya a cikin dangi ba su da sirri, kuma ba su da ƙofa mai ƙarfi. Da zarar an ji kana da wani abu, ga bikin ƙanwa, ga suna, ga ɗan'uwa da jarinsa ya karye, kuma yawancinsu buƙatu ne na gaske da ba ka iya kau da kai. Wanda ya san kansa da sanyin hannu, ya san miliyan ɗin nan ba za ta ga ƙarshen shekara ba, to lissafinsa ba tsakanin kashi 3.5 da kashi 10 yake ba. Tsakanin bashin da ya ragu ne da kuɗin da suka watse bashin yana nan. Hikimar adashi ke nan tun asali, da ta ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a wannan jiha a 1991: a sa kuɗi inda hannu ba ya saurin kaiwa.

Bashin dangi kuwa ba ya bin wannan lissafi ko kaɗan, kuma nan ne masu ilimin boko suka fi yin kuskure. Tunda ba ruwa a kansa, alƙalami yana cewa a bar shi ƙarshe. Amma ka dubi kawun da ya sayar da bijimai biyu shekara shida da suka wuce don ɗan ƙanwarsa ya tafi karatu. Bai rubuta takarda ba, bai sa rana ba. In yaron ya kawo zancen sai ya ce, "Haba ɗana, wa ya tambaye ka? Ka dai ji da kanka tukuna." Yaron ya ce, "To Kawu, Allah ya ƙara girma," ya ɗauki maganar a yadda aka faɗe ta. Shi kuwa kawun yana noma da shanun haya tun daga lokacin, yana ganin sabon babur a ƙofar gidan ƙanwarsa, matansa kuma suna gani. Ga shi kuɗin da ya sayar da bijiman a wancan lokaci ba lalle su sayi biyu yau ba, don haka duk shekarar da aka ƙara, shi ke biyan tsadar jinkirin. Hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Ra'ayina shi ne, bayan an ware kuɗin ko-ta-kwana, wanda ya ba ka don zumunci yana kuma cikin buƙata ya riga banki, ko da alƙalami ya nuna asarar ƴan jakunkuna. Banki ya sa farashin jiransa a cikin ruwa, kawu bai sa ba.

Ga wanda ruwan kansa ke damun zuciyarsa saboda haramcin riba, wannan dalili ne cikakke na gaggauta fita, ba sai an kawo masa wata hujja ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne fitar da za ta mayar da mutum cikin wani bashin ruwa bayan wata huɗu ba fita ba ce. Batun zakka kuma, yadda bashi ke shafar kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, a kai shi gaban malami da lambobin a hannu.

Nau'in kuɗin da aka ci bashin da shi ma yana da tasiri, musamman ga masu karatu a Katsina da Kano da Zariya. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, don haka bashin sefa ko na yuro ba ya sauya nauyi ga mai albashin sefa muddin ɗaurin yana nan. Naira kuwa ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Wanda ake bi naira yana samun sefa ya ga bashinsa ya yi sauƙi yana zaune. Wanda ya tara ajiyarsa a naira alhali sefa ake bin sa ya ga akasin haka. Ba wanda zai ce maka ga inda canji zai nufa badi. Abin da ke hannun mutum shi ne ya tara ajiyar biyan bashi a irin kuɗin da ake bin sa.

Mafi yawan mutane ba su tsakanin biya duka da ƙin biya, suna da abin da zai rage ne kawai, kuma nan ma akwai zaɓin da ke da kuɗi a cikinsa. Mu koma misalinmu bayan shekara ɗaya, saura 1,572,000, mutum yana da 600,000 da suka haura kuɗin ko-ta-kwana. Idan ya zuba su, saura 972,000. Banki zai iya barin abin da ake cirewa a 50,725, bashin ya ƙare cikin wata 21 maimakon 36, ya tsira da kusan 162,000. Ko kuma a bar wata 36 ɗin a sauko da abin cirewa zuwa wajen 31,400, ya tsira da kusan 97,000 kawai, amma ya samu sararin jaka 19 kowane wata. Wanda albashinsa ke isarsa ya zaɓi rage watanni. Wanda ke cin bashin kanti kafin 20 ga wata ya zaɓi rage abin cirewa, domin bashin kantin ma yana da tasa tsadar. Ba kowace yarjejeniya ce ta yarda da biyan wani ɓangare ba, kuma in an yarda, a tabbatar an rubuta kuɗin a kan uwar kuɗi an fitar da sabon jadawali, kada a ajiye su a matsayin biyan watanni masu zuwa, wanda ba ya rage ruwa ko tamma.

Ranar da aka rufe bashin kuma aiki bai ƙare a wurin mai karɓar kuɗi ba. A karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai. A tabbatar an dakatar da cirewa daga albashi, a duba takardar albashin wata mai zuwa da ido. In an jinginar da takardar fili ko ta gida, a karɓo ta hannu da hannu tare da takardar sakinta, wanda ya tsaya maka kuma a ba shi kwafin shaidar, domin sunansa yana ɗaure har sai an kwance shi a rubuce. Na dangi kuma, ko da an ci shi ba takarda, a biya shi gaban mutum biyu daga cikin manyan gida, saboda ranar rabon gado magada ba su san abin da aka yi a ɗaka ba.